Ƙulli Biyu A Aljihun Ƙanena

Filin Tambayi Lauya

TAMBAYA: Assalamu alaikum Barista, Allah ya ƙara basira. Ni albasa nake sayarwa a kasuwar Mil 12, shekarata 11 a Legas. Bara waccan na ɗauko ƙanena daga gida, uwa ɗaya uba ɗaya, don ya riƙa taya ni tsaron kaya. Shekarunsa 22. Ranar Alhamis bayan sallar isha'i jami'ai suka yi samame a wani lungu da samari ke zama bayan kasuwa, suka kwashe mutum tara har da shi. An ce an samu ƙulli biyu na wiwi a aljihun wandonsa. Wallahi ban taɓa sanin yana sha ba, kuma ko ƙofar caji ofis bai taɓa takawa ba. Yau kwanansa shida a tsare. Sau ɗaya aka bar ni na gan shi, ya ce an ba shi wasu takardu na Turanci ya dangwala yatsa, shi kuwa karatun allo kaɗai ya yi. Yanzu kowa da abin da yake faɗa min. Wani ya ce shekara 15 ce ba makawa, wani ya ce an yi sabuwar dokar kisa, wani ya ce tunda karon farko ne gargaɗi kawai za a yi masa. Akwai kuma wani mutum da ke zuwa rumfata kullum, ya ce ya san manya a ciki, in kawo naira dubu 400 a kashe maganar kafin ta je kotu. Kuɗin da ke hannuna na masu kaya ne. Har yanzu ban gaya wa mahaifiyarmu ba, tana fama da hawan jini. Mene ne gaskiyar hukuncin, kuma me zan yi?

Daga mai albasa, Mil 12

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya kuɓutar da shi, ya sa daga wannan ba ƙari. Zan fara maka da mai ɗacin, domin idan ka ji ta daga bakina ba wanda zai sake zuwa rumfarka ya razana ka da ita ya raba ka da kuɗin mutane.

Ko wane ne ya yi kamun, maganar wiwi a ƙasar nan galibi hannun hukumar hana sha da fataucin miyagun ƙwayoyi, NDLEA, take komawa, kuma Babbar Kotun Tarayya ce kaɗai ke da hurumin sauraron laifukan da ke cikin dokarta. A nan Legas kotun tana Ikoyi. Da dokar soja mai lamba 48 ta 1989 aka kafa hukumar, kuma dokar tana nan da haƙoranta. Sashe na 19 ya ce duk wanda aka samu da hodar iblis, ko LSD, ko hiroyin, ko makamantansu, yana sane kuma ba da izinin doka ba, ɗaurinsa ba zai gaza shekara 15 ba, ba zai wuce 25 ba. Ka lura ba a ambaci wiwi da suna ba. Lauyoyi sun daɗe suna kafa hujja da wannan, har Kotun Ƙoli ta raba gardama a 2012, ta ce wiwi tana cikin makamantan. Sashen bai ce kilo kaza ko giram kaza ba, kuma bai ce a ɗaga wa mai laifin farko ƙafa ba. A kan takarda, mai ƙulli biyu da mai buhu biyu layi ɗaya suke tsaye.

Akwai kuma tsohuwar dokar tabar wiwi ta 1966, wadda aka yi wa gyara a 1975 da 1984. Ita cewa ta yi mai sha ko wanda aka samu da ita ɗaurinsa ba zai gaza shekara 4 ba, babu zaɓin tara. Ba a soke ta ba, shi ya sa za ka iya jin wani ya ce maka huɗu ce. Amma takardun tuhumar da ke zuwa hannuna kusan duk da dokar hukumar ake rubuta su.

Mai maganar kisa kuwa labari biyu ya cakuɗa. Dattawan Agege da Idi-Araba ba su manta da watan Afrilun 1985 ba, lokacin da aka harbe mutum uku a gidan yarin Kirikiri kan safarar ƙwaya, a ƙarƙashin dokar soja mai lamba 20 ta 1984. An daɗe da cire wannan hukunci. Sai kuma a watan Mayun 2024 Majalisar Dattawa ta amince da ƙudirin kisa ga masu safara da masu sarrafa ƙwayoyi, aka yi ta ce-ce-ku-ce a rediyo. Bai zama doka ba, kuma tun asali ba da irin ƙanenka ake ba. Ka cire wannan daga ranka.

Wannan ita ce takarda. Abin da ke faruwa a cikin kotu ya ɗan bambanta, kuma a nan ne mai shekara 15 ya yi kuskure da ya ce ba makawa. A shekarun da na yi ina hawa da sauka a matakalar kotun nan, samarin da aka samu da ɗan abu kaɗan, karon farko, waɗanda ba su wahalar da kotu ba, yawanci watanni nake ganin ana ba su, ko shekara ɗaya ko biyu, wani lokaci har da zaɓin tara. Birgediya Janar Buba Marwa mai ritaya, wanda ya karɓi ragamar hukumar a 2021, shi ne dai wanda ya mulki Legas daga 1996 zuwa 1999 har keke mai ƙafa uku ya ci sunansa, ya sha kokawa a fili kan yadda ake bai wa masu laifin ƙwaya zaɓin tara. Kokensa kaɗai ya ishe ka shaida cewa ana yi. Sannan dokar tafiyar da shari'ar laifuka ta 2015, wadda muke kira ACJA, ta ce a sashe na 416 kada kotu ta ɗora wa mai laifin farko mafi tsananin hukunci, kuma a lissafa masa kwanakin da ya riga ya yi a tsare. Amma ka riƙe wannan da kyau: sauka ƙasa da shekara 15 sassauci ne na alƙali, ba haƙƙi ba ne da za ka buga tebur a kansa. Alƙalai sun bambanta kamar yadda yatsu suka bambanta. Duk lauyan da ya rantse maka cewa wata shida ce, ko bai san aikin ba, ko aljihunka yake kallo.

Yanzu ga inda hankalina ya fi tashi a wasiƙarka: takardun nan da ya dangwala wa yatsa.

Galibi iri biyu ne. Akwai na kayan. Za a auna abin a gabansa, a ɗiga wa ɗan kaɗan sinadari a ga ko launi ya sauya, a rubuta nauyi, a zuba a leda a liƙe, ya sa hannu cewa a idonsa aka yi, sannan a aika samfuri ɗakin gwaji. Akwai kuma bayaninsa, wato abin da aka rubuta cewa da bakinsa ya faɗa. A nan ake yin ta. Yaranmu idan aka ritsa su, sai su lalubo kalmar da suke ganin za ta wanke su, ita ce kuwa ke ɗaure su. "Ba nawa ba ne, abokina ne ya ba ni in riƙe masa." Shi a ganinsa ya tsira. A idon doka kuwa ya riga ya miƙa wa mai gabatar da ƙara abu biyu da zai sha wahalar tabbatarwa: kayan suna hannunsa, kuma ya san ko mene ne. Wadda ta fi wannan muni ita ce, "Karo-karo muka yi, ni aka aika na sayo mana." Da wannan magana ɗaya yaro ya tashi daga sashe na 19 ya leƙa sashe na 11, inda saye da sayarwa da duk wata hulɗa da kayan ke ɗauke da ɗaurin rai-da-rai. Tunda kuma su tara aka kwasa, ga sashe na 14 na haɗa baki yana jira a gefe, shi ma 15 zuwa 25. Magana zarar bunu ce, balle wadda aka rubuta aka dangwala mata yatsa.

Doka ba ta bar shi haka kawai ba. Sashe na 35 na tsarin mulkin 1999 ya ba shi damar yin shiru har sai ya gana da lauya ko wani da ya zaɓa. Sashe na 17 na ACJA ya yi tanadin a ɗauki bayani a gaban lauyansa, ko jami'in hukumar ba da agajin shari'a, ko wanda ya aminta da shi, kuma idan ba ya jin Turanci a kawo tafinta ya karanta masa abin da aka rubuta, tafintan ma ya sa hannu. Idan ba a yi haka ba, lauyansa ya samu abin riƙewa. Ban ce an taɓa lafiyarsa ba, amma ka tambaye shi. Idan an yi, sashe na 29 na dokar shaida ta 2011 ya hana kotu karɓar iƙirarin da aka samu da azaba, ga kuma dokar hana azabtarwa ta 2017. Sai dai wannan ƙorafi yana da lokacinsa: daidai sa'ar da mai gabatar da ƙara ya miƙa takardar a kotu ake tashi a ce ba a yarda ba, alƙali ya dakatar da babbar shari'a ya yi 'yar ƙarama a kan yadda aka samu bayanin. In aka bari takardar ta shige, kuka daga baya ba ya cika amfani. Saboda haka lauya ya ji komai tun yanzu, ba ranar zama a bakin ƙofar kotu ba.

Bari in ba ka abin da na gani da idona a wata kotu shekarun baya. Ina zaune ina jiran a kira tawa shari'ar, aka shigo da wani yaro mai gyaran takalmi, daga jin harshensa ɗan wajen Sakkwato ne, silifas ɗinsa ƙafa ɗaya ja ƙafa ɗaya shuɗi. Magatakarda ya karanta tuhuma da Turanci a guje, kamar yaron motar haya ta danfo yana kiran fasinjojin Oshodi. Aka tambaye shi ko ya gane, ya gyaɗa kai. Aka ce ya aikata ko bai aikata ba, sai ya durƙusa a cikin akwatin, kansa kaɗai ake hangowa, ya ce, "A yi haƙuri, ranki ya daɗe." Wani daga baya ya yi caraf ya ce ai ya amsa. Alƙaliyar, Allah ya saka mata, ta ajiye alƙalami ta ce a ɗage sai an samo tafinta an rantsar da shi. Da aka dawo aka fassara masa, ashe tuhumar cewa ta yi yana dillanci. Yaro ya dafe ƙirji ya ce shi dai ya sha, wannan ba zai yi wa Allah ƙarya ba, amma bai taɓa sayar wa kowa ko na sisi ba. A wurinmu "a yi haƙuri" ladabi ne, wanda aka taka ma yana faɗa wa babba. A kotu kuwa saura ƙiris ta zama amsa laifin da hukuncinsa rai-da-rai ne. Ka gaya wa ƙanenka tafinta haƙƙinsa ne, kyauta, sashe na 36 na tsarin mulki ya ba shi. Kada ya gyaɗa kai ga abin da bai ji da Hausa ba.

Batun kwana shida. Tsarin mulki ya ce a kai wanda aka kama gaban kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu mai hurumi a tazarar kilomita 40, in babu kwana biyu. Daga Mil 12 zuwa Ikoyi ko da cunkoson gadar Third Mainland ba a kai wannan tazara ba. Ana iya ci gaba da riƙe mutum idan an karɓo umarnin tsarewa daga majistare, wanda a karon farko ba ya wuce kwana 14. Tambayar farko da lauya zai yi ke nan: akwai wannan umarni ko babu? In babu, zai nemi a ba da belinsa ko a gurfanar da shi, in an ƙi ya shigar da ƙarar kare haƙƙinsa.

Mutumin da ke sintiri a rumfarka kuwa, na san irinsu, kowace unguwa da nata. Ka ba shi dubu 400 yau, jibi ya dawo yana share gumi ya ce oga ya raina, a ƙaro dubu ɗari. Ka cika, sati mai zuwa wayarsa a kashe. Wani lokaci ma yaron da ma yana cikin waɗanda za a yi wa nasiha a sallama, sai shi ya karɓe kuɗi ya karɓe godiya. Babu rasit, babu shaida, babu inda za ka kai ƙara, domin dokar hukumar yaƙi da cin hanci, ICPC, ta 2000 ta ɗora wa mai ba da cin hanci shekara 7 daidai da mai karɓa. A yi gudun gara a faɗa gidan zago ke nan. Ka kuma tuna da mutanen da suka loda maka mota bisa amana tun daga Aliero ko Sakkwato. In sunanka ya ɓaci a wurinsu, da me za ka ciyar da ƙanen in ya fito? Rubu'in wannan kuɗi, daga aljihunka ko gudummawar 'yan'uwa, ya isa ka fara da lauya na ƙwarai. Ka nemi wanda ya saba tsayawa a Babbar Kotun Tarayya, ku yi ciniki a rubuce, ya ba ka rasit. Ka guji na gindin bishiya masu tare mutane a bakin kotu. Idan babu hali, akwai hukumar ba da agajin shari'a ta tarayya, akwai kuma ofishin lauyoyin kare marasa ƙarfi na jihar Legas da aka kafa a 2000, wanda ake kira OPD, a Surulere. Duka biyun kyauta suke aiki.

Idan lauya ya shigo da wuri, ƙofa mafi sauƙi ita ce wadda ake bi kafin a shigar da tuhuma. Hukumar tana da sashen ba da shawara da gyaran masu shaye-shaye, kuma ba kowane mai sha take kaiwa kotu ba. Da yawa akan zaunar da su, a yi musu nasiha, a kira iyaye ko dangi a damƙa musu. Mai maganar gargaɗi wannan ya hango. Sai dai ganin damar hukuma ne, ba wanda zai tilasta ta. Abin da ke taimakawa shi ne a ga yaro yana da sana'a, yana da wurin kwana sananne, yana da babba da ya tsaya masa, kuma ba a same shi da sikeli ko tarin ledoji ko kuɗin da ke nuna ciniki ba. Ka je da kanka tare da lauya, da katin shaidarka, da takarda daga shugabannin 'yan albasa. Yaron da ba wanda ya zo nemansa shi ake mantawa da shi.

In an riga an shigar da tuhuma, shawara ta koma tsakanin ya musanta ko ya amsa, kuma ba ni zan yanke muku ita daga nan ba, don ban ga fayil ba. Idan da gaske ba a aljihunsa aka samu ba, a ƙasa aka tsinta aka rarraba wa mutum tara, to ya musanta. Nauyin hujja yana kan mai gabatar da ƙara: ya nuna abin wiwi ne ta hanyar rahoton ɗakin gwaji, ya nuna wanda aka gwada shi ne wanda aka karɓa daga hannunsa, ya nuna ya sani. Amma shari'a irin wannan tana cin watanni, wani lokaci shekaru, ɗagewa bayan ɗagewa. Idan kuwa nasa ne, kuma ya faɗa maka tsakaninsa da Allah nasa ne, jan magana ba ya ƙara masa komai sai kwanaki. Sashe na 270 na ACJA ya ba da damar a yi yarjejeniya da mai gabatar da ƙara: ya amsa laifi, a rage tuhumar ko a daidaita kan hukuncin da za a roƙa. A rubuce ake yi, shi da lauyansa da tafinta duk su sa hannu. Alƙali ba ya shiga cinikin, kuma bai zama dole ya bi ba. In ya ga hukuncin ya yi sauƙi da yawa zai faɗa, a nan yaro na da damar janye amsawarsa a koma gaban wani alƙalin a fara daga farko. Abin da nake nema wa irin ƙanenka a wannan zama shi ne a tsaya kan mallaka kawai, a goge duk wata kalma ta dillanci ko haɗa baki.

Wasu za su ce maka a roƙa masa sharar titi ko ɗaurin talala. Kada ka sa rai sosai. Sashe na 460 ya hana irin wannan ga laifin da hukuncinsa ya haura shekara 3. Abin da ya fi kusa shi ne sashe na 20 na dokar hukumar, wanda ya ba kotu ikon haɗawa da umarnin a yi wa mutum magani da gyaran hali. Shi ya sa ranar neman sassauci nake son lauya ya tashi da takarda a hannu: ga shaidar sana'arsa, ga wasiƙar limamin masallacinsu, ga yayansa a zaune, ga shirin da aka yi na kai shi asibiti.

Beli kuma, tunda laifin ba na kisa ba ne, kotu takan bayar. Wahalar tana wajen cika sharuɗɗa. Za a nemi mai tsaya masa da ke da adireshi tabbatacce a Legas, da shaidar biyan haraji, wani lokaci takardar fili ko ma'aikacin gwamnati, kuma ma'aikacin kotu zai taka har gidan ya gani. Nan 'yan ci-rani ke maƙalewa. An ba da beli tun da azumi, yaro yana gidan yarin Ikoyi har babbar salla don ba mai takarda. Gidan nan don mutum 800 aka gina shi, abin da ke ciki ya ninka haka, kuma mafi yawansu jiran shari'a suke. Ka fara neman mai tsayawa tun yau, wajen shugabannin kasuwa da fadar Sarkin Hausawan yankinku. Mace ma tana iya tsayawa, sashe na 167 ya faɗa ƙarara. In sharuɗɗan sun fi ƙarfinku, lauya na iya komawa ya roƙi a sassauta.

Ga wani abu da na san za a ba ka shawararsa, don an sha yi min. Ranar da ya fito beli, wani zai ce a saka shi a motar albasar da ta sauke kaya, kafin asuba ya wuce Ibadan, shi ke nan Legas ta manta da shi. Kada ka yarda. Kotu za ta ba da sammacin kamo shi, bawan Allahn da ya tsaya masa zai biya kuɗin da ya sa hannu a kai ko shi ya shiga ciki, kuma duk sassaucin da ake nema ya tafi. Bayan haka duk Bahaushen da ya zo neman mai tsaya masa a kasuwar nan, da labarinku za a hana shi.

Ko da tara kawai aka ci shi, ka sani an rubuta. Ranar da zai nemi aikin soja ko ɗan sanda, ko takardar shaidar hali da ake karɓa a ofishin 'yan sanda na Alagbon don fita waje, tambayar za ta taso. Wannan ma dalili ne na a yi ƙoƙarin ƙarewa tun kafin kotu.

Ni a nawa ganin dokar nan ta tsufa. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ƙwayoyi ya yi tare da hukumar ƙididdiga ta ƙasa a 2018 ya nuna mutum miliyan 10.6 ke shan wiwi a Najeriya. Wane gidan yari ne zai ɗauke su shekara goma sha biyar-biyar? Gana ta gyara tata a 2020, ta mayar da hukuncin wanda aka samu da ɗan abin shansa tara. Mu muna nan da dokar da alƙalai da kansu ke kewaye ta don tausayi. Amma ra'ayina ba zai fitar da ƙanenka ba, da wadda ke ƙasa za a yi masa shari'a.

Mahaifiyarku kuwa, wannan ba tambayar lauya ba ce, amma tunda ka yi zan amsa a matsayin ɗan'uwa. Motocin da ke zuwa Mil 12 ba albasa kaɗai suke ɗauka ba, suna komawa da labari. Gara ta ji daga gare ka. Ka bari sai ka samu lauya ka san inda aka dosa, sannan ka kira wata babba da take jin maganarta, ƙanwarta ko aminiyarta, ta zauna kusa da ita ta tabbata ta sha maganinta, kafin ka yi magana. Ka ce mata yana da rai, yana da lafiya, ka gan shi da idonka, kuma kana tsaye a kai.

TAMBAYA: Barista, ina wanki na samu ƙulli ɗaya a wandon makarantar ɗana, shekararsa 16. Ba a kama shi ba. Babansa ya ce mu kai shi wurin hukuma da abin a hannu su tsorata shi, kakarsa ta ce a mayar da shi gida a kai shi gidan mari. Ƙullin yana cikin kwabata. Wanne zan bi?

Daga wata uwa, Idi-Araba

AMSA: Hajiya, Allah ya shirya shi. Da farko ki raba kwabarki da wannan abu yau ɗin nan, domin dokar da na yi bayani a sama wanda aka samu da shi take tambaya, ba ta tambayar na wane ne. Shawarar maigida kuma ina ganin a sake dubawa. Idan kuka shiga ofis da yaro da kaya a hannu, kun san yadda kuka shiga, amma yadda za a fito ba a hannunku yake ba. Gidan mari kuwa, abin da aka gani a 2019 lokacin da aka buɗe irin waɗannan gidaje a Kaduna da Katsina, yara cikin sarƙa da tabon bulala, ya isa.

Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Yaba ba shi da nisa da ku, kuma suna duba masu shaye-shaye. Na san abin da 'yan Legas ke faɗa in an ambaci Yaba, ki toshe kunnenki, ganin likita ba hauka ba ne. Ki gaya wa likitan ainihin abin da kika gani, domin abin da yara ke kira Kolorado ko Kolos ganye ne da aka fesa wa sinadari, ya fi wiwi haɗari nesa ba kusa ba. Hukumar NDLEA ma tana da layin neman shawara na kyauta, 0800 1020 3040.

Idan kuma, Allah ya kiyaye, wata rana aka kama shi, shekarunsa su ne garkuwarsa. Dokar kare haƙƙin yara ta jihar Legas ta 2007 ta ɗauki duk wanda bai kai 18 ba a matsayin yaro, kuma sashe na 20 na dokar hukumar ya ba kotu damar tura ƙaramin yaro magani da gyaran hali a madadin hukunci. Sai dai yaro mai tsawo da ɗan gemu, in ba takarda, 19 ake rubuta masa. Ki nemo takardar haihuwarsa ta hukumar ƙidaya, ki yi mata kwafi biyu, ɗaya a wurinki ɗaya a wurin babansa.